Alamain: Tambayoyi da amsoshi kan gidan tarihin yaƙi da abubuwan gani a bakin tekun Masar

Duk wanda ya taɓa zama a Alƙahira, ko karatun Azhar ne ya kai shi, ko jinya, ko fatauci, da wuya a ce bai je ya ga dala ba, ko bai ratsa kasuwar Khan Khalili ba. Kaɗan ne ke tunanin su nausa arewa maso yamma, zuwa wani ɗan gari a bakin Bahar Rum inda aka yi ɗaya daga cikin manyan karon battar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Ga tambayoyin da mai niyyar zuwa ya kan yi, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Ina ne Alamain, kuma me sunan yake nufi?

Garin yana cikin lardin Matruh, kilomita 106 yamma da Iskandariyya, a kan babbar hanyar da ke bin gaɓar teku har iyakar Libiya. Sunan Larabci ne, tagwayen kalmar alam, wato tutoci biyu ko alamomi biyu. A 1942 ba gari ba ne ma, wata 'yar tashar jirgin ƙasa ce da ɗakuna ƙalilan a tsakiyar fili. Yaƙin ne ya fito da sunan duniya ta ji shi.

Me ya kawo Jamusawa da Italiyawa da Ingilishi faɗa a ƙasar Masar?

Italiya tana riƙe da Libiya tun 1911, ita ce ta rataye Umar Mukhtar a 1931. Birtaniya kuma, duk da cewa Masar tana da sarkinta da gwamnatinta, sojojinta na jibge a ƙasar saboda mashigin ruwan Suwez, hanyarta ta zuwa Indiya da rijiyoyin man Iraƙi da Farisa. A watan Satumba na 1940 Musolini ya tura rundunarsa ta ƙetaro daga Libiya har Sidi Barrani. Kafin watan Fabrairu na 1941 Ingilishi sun fatattake su, suka kama fursunoni wajen 130,000. Ganin abokinsa zai sha ƙasa, Hitila ya aiko da Janar Erwin Romel da tankokinsa, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da yanyawar hamada saboda wayonsa.

Daga nan aka shiga kai ka kore ni ni na kore ka a kan hanyar bakin teku har shekara ɗaya da rabi. Ranar 21 ga Yuni, 1942, tashar ruwan Tubruk ta faɗa hannun Romel tare da sojoji sama da 30,000, aka ƙara masa girma zuwa Fil Mashal, ya biyo sauran da gudu cikin Masar. Ranar 1 ga Yuli hayaƙi ya turnuƙe sararin Alƙahira, domin ma'aikatan ofisoshin Birtaniya suna ta ƙona takardun sirri, sun ɗauka gobe ko jibi Jamusawa za su shigo. Musolini ma ya tashi takanas ya zo Libiya yana jiran ranar da zai shiga Alƙahira da faretin nasara. Ya yi makonni yana jira, ya koma gida.

Me ya sa a nan aka ja daga, ba a wani wuri ba?

Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da gidan tarihin ke son nuna masa. A hamada babu kogi, babu dutse mai tare hanya, saboda haka duk inda ka kafa layin tsaro abokin gaba sai ya zagaya ta kudu ya ɓullo maka ta baya. Da wannan dabarar Romel ya yi ta cin galaba. A Alamain ne kaɗai ba ta yiwuwa. Teku na arewa, a kudu kuma, kimanin kilomita 60 daga gaɓa, ƙasa ta rufta ta zama wani makeken kwari mai suna Ƙattara, mai gishiri da laka da yashi mai haɗiye mota, wanda zurfinsa ya kai mita 133 ƙasa da matakin teku. Tanka ba ta ratsa shi. Duk mai son wucewa dole ya bi ta wannan maƙogwaro, gaba da gaba.

Sai kuma batun nisa. Man fetur da harsashi da abincin Romel daga Italiya suke tasowa a jirgin ruwa, su sauka a Tarabulus ko Bangazi ko Tubruk, sannan manyan motoci su yi ɗaruruwan kilomitoci da su, suna shanye wani kaso na man da suka ɗauko. Ingilishi kuwa sun gano bakin zaren saƙonnin sirrin Jamus, suna sanin ranar tasowar jiragen dakon mai, suna nutsar da su. Su kuma ga Iskandariyya a bayansu, tafiyar awa biyu.

Yaƙi ɗaya aka yi ko fiye?

Uku ne a jere. Na farko daga 1 zuwa 27 ga Yuli, 1942, inda Janar Auchinleck na Birtaniya ya tsayar da Romel, aka yi kare jini biri jini. Firayim Ministan Birtaniya, Winston Churchill, bai gamsu ba, ya zo Alƙahira a watan Agusta ya sauya shugabanni. Wanda ya fara zaɓa ya jagoranci Runduna ta Takwas, wato rundunar Birtaniya a hamada, Janar Gott, an harbo jirginsa ya mutu kafin ya kama aiki, da haka rabo ya faɗa kan Bernard Montgomeri. Na biyu a ƙarshen Agusta ne, a tudun Alam Halfa, lokacin da Romel ya yi yunƙurinsa na ƙarshe na ɓallewa zuwa Nilu, man fetur ya gaza masa.

Na uku shi ne wanda ake nufi idan an ce yaƙin Alamain. Montgomeri ya ƙi yin gaggawa sai da ya tara sojoji wajen 195,000 da tankoki sama da 1,000, ciki har da sababbin Sherman kusan 300 daga Amurka. Abokan karawarsa suna da sojoji wajen 116,000 da tankoki kimanin 550, rabinsu na Italiya marasa ƙwari. An kuma yi yaudara: aka jera tankokin bogi na katako da tamfol a kudu, har da bututun ruwa na ƙarya, na gaskiyar kuma aka lulluɓe su a arewa suka yi kama da motocin kaya. Daren 23 ga Oktoba, da ƙarfe 9:40, ga farin wata, igwa kusan 1,000 suka buɗe wuta lokaci guda. Romel yana Turai yana jinya. Wanda ya riƙe masa, Janar Stumme, bugun zuciya ya kashe shi washegari a bakin daga. Romel ya dawo ranar 25, aka cika kwana goma sha biyu da fara harin ana ɗauki ba daɗi, har tankokin Jamus masu motsi suka koma wajen 35. Hitila ya aiko da umarnin a tsaya, ko nasara ko mutuwa. Ranar 4 ga Nuwamba Romel ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ya juya yamma. Yawancin motocin suna hannun Jamusawa, saboda haka dubban sojojin ƙasa na Italiya aka bari a hamada ba ruwa ba abin hawa.

Ɓangaren Montgomeri ya yi asarar mutum wajen 13,500 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, ya kuma kama fursunoni kimanin 30,000. Kwana huɗu bayan haka Amurkawa da Ingilishi suka sauka a Maroko da Aljeriya, a watan Mayu na 1943 ragowar sojojin Jamus da Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya.

Me ke cikin gidan tarihin?

An buɗe shi a 1965, zamanin Jamal Abdul Nasir, aka gyara shi a 1992 lokacin cikar yaƙin shekara 50, aka sake yi masa kwaskwarima a 2014. Rundunar sojan Masar ce ke kula da shi. A ciki akwai zaure biyar: na Birtaniya da ƙawayenta, na Jamus, na Italiya, na Masar, da na haɗaka. Za ka ga kakin soja a jikin mutum-mutumi, hulunan kwano, bindigogi ƙanana da masu jigida, na'urorin sadarwa, lambobin yabo, gorunan ruwa, hotuna, da manyan taswirori masu nuna inda kowace runduna ta tsaya. Bayanan da ke jikin kayan akwai na Larabci da na Turanci, saboda haka ɗalibin Azhar ba ya buƙatar tafinta.

A waje, a farfajiya, nan manyan ƙarafan suke: tankoki, motoci masu sulke, igwa iri-iri, ciki har da shahararriyar igwar Jamus mai bakin milimita 88, wadda aka ƙera don harbo jiragen sama amma ta zama dodon tankokin Ingila. Wasu an tsinto su ne a hamada kamar yadda wuta ta bar su. Ka tsaya kusa da tankar Italiya ka dubi ƙanƙantarta, sannan ka dubi Sherman, ba sai an yi maka dogon sharhi ba.

A faɗi gaskiya, gidan ba shi da girma, kuma tsarinsa na da ne, akwatunan gilashi da mutum-mutumi. Wanda ya saba da manyan gidajen tarihi masu allunan lantarki zai ga kamar an yi masa rowa. Amfaninsa shi ne taswirorin. Ka fara da shi, ka gane ina teku, ina kwarin Ƙattara, ina layin dogo, sannan ka fita ka ga ƙasar da idonka. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne ba a mai da kowa shaiɗan ba. Mai gida ne ya ba kowane baƙo ɗakinsa, duk da ɓarnar da suka yi masa a tsakar gida.

Na ga hoton wani jirgi mai zanen haƙora a hanci. Mene ne labarinsa?

Jirgin yaƙi ne ƙirar Kittyhawk. Ranar 28 ga Yuni, 1942, wani matuƙi ɗan Ingila mai shekara 24, Dennis Copping, ya tashi da shi zai kai shi wurin gyara, ya ɓace hanya, ya sauka a can ƙuryar hamada. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekara 70 cif bayan haka, a 2012, masu binciken man fetur suka ci karo da jirgin kusan yadda ya sauka, busasshiyar iskar hamada ta adana shi. Alamu sun nuna matuƙin ya fita da ransa. Aka kwaso jirgin, aka gyara, aka yi masa fenti mai sheƙi da bakin kifi mai haƙora, aka kafa shi a Alamain. Masana tarihin jiragen sama a Ingila sun yi ta ƙorafi cewa fentin ya shafe ainihin kamanninsa. Ni ma ina ganin da an bar shi da ƙurarsa da lotsewarsa da ya fi magana.

Awa nawa zan ware?

Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishi gidan tarihin. Maƙabartun sojoji uku da ke yankin za su ci awa biyu zuwa uku, har da tafiya tsakaninsu. Wanda ya taso daga Iskandariyya da safe zai gama komai ya koma kafin magariba.

Maƙabarta kuma? Wa ke zuwa yawon buɗe ido maƙabarta?

In ka tsallake su, ka bar abin da ya fi komai nauyi a Alamain. Mafi kusa da gidan tarihin ita ce ta ƙasashen Kwamanwel, wato Ingila da ƙasashen da ta rena, a gangaren wani tudu mai fuskantar hamada. Kaburbura 7,240 ne a jere, sahu-sahu, 815 daga cikinsu ba a san ko su waye ba, an dai rubuta a kan dutsen cewa Allah ya san shi. A ƙofar shiga akwai doguwar rumfar dutse da aka zana sunayen mutum kusan 12,000 waɗanda ba a ga gawarsu ba, Montgomeri da kansa ya buɗe ta a watan Oktoba na 1954. Akwai kuma wani wuri daban na tunawa da sama da mutum 600 da aka ƙona gawarsu bisa addininsu. Ka bi sahu kana karanta shekaru: 19, 21, 22. Ka karanta ƙasashe: Ingila, Ostareliya, Niyuzilan, Afirka ta Kudu, Indiya, har da Faransawa da 'yan Folan. A bakin hanya kusa da nan akwai hasumiyar 'yan Ostareliya, da ta Afirka ta Kudu, da ta Girkawa.

Ta Jamus tana kimanin kilomita 7 yamma, a kan tudu mai kallon teku. Gini ne mai kusurwa takwas kamar ganuwa, babu ado a waje, an kammala shi a 1959, yana ɗauke da ƙasusuwan mutum sama da 4,200. Ciki shiru, tsakar gida da dogon dutse a tsakiya, sunaye a bango.

Ta Italiya tana gaba kaɗan, ita ce mafi tsayi, farar hasumiya a ƙarshen wata doguwar hanya mai furanni. Sama da mutum 4,600 ke cikinta, kowa a ɗan gurbinsa a bangon marmara, da yawa an rubuta musu kalma ɗaya tak ta Italiyanci mai nufin ba a san shi ba. Wanda ya zana ginin, Paolo Caccia Dominioni, injiniya ne da ya yi yaƙin a matsayin kwamandan bataliya. Bayan an gama ya dawo ya shafe sama da shekara goma yana yawo a filayen nakiya yana tono gawarwaki, na Italiya da na Jamus da na Ingila bai ware ba, Larabawan yankin suna nuna masa hanya. A gefen titi kuma akwai wani ɗan dutse da sojojin Italiya suka kafa a kilomita 111 daga Iskandariyya, suka rubuta cewa sa'a ce ta gaza, ba jarumta ba. Kowa da yadda yake lallashin kansa.

Akwai Musulmi a cikin waɗanda aka binne?

Akwai, a ɓangarorin biyu. A harabar maƙabartar Italiya akwai ɗan masallaci da kaburburan sojojin Libiya 232 da suka mutu cikin kakin Italiya, wato ƙasar da ta mallake su. A ɗaya ɓangaren, rundunar Indiya ta lokacin cike take da Musulmin Panjab da na kan iyakar Afganistan, domin ba a raba Pakistan ba tukuna, kuma za ka ga sunayensu a bangon Kwamanwel. Waɗannan da waɗancan sun harbi juna a kan rigimar da ba a ƙasarsu aka ƙulla ta ba. In ka isa masallacin, ka yi musu addu'a.

Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Alamain?

Rundunoninmu na yaƙi ba su kasance a wannan daga ba. Sun yi nasu a gabashin Afirka a 1941, inda birged ɗin Nijeriya ya ratsa Somaliya ya shiga Habasha, sannan a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, daga 1943 zuwa 1945. Baƙaƙen Afirka da ke Alamain yawancinsu daga kudancin nahiyar suke, kuma gwamnatin Afirka ta Kudu ba ta yarda a ba su bindiga ba, sai tuƙi da haƙa rami da ɗaukar masu rauni. Ɗaya daga cikinsu, Lucas Majozi, ya yi ta kwaso masu rauni a cikin ruwan harsashi bayan shi kansa an harbe shi, har aka ba shi babbar lambar yabo.

Amma ƙasar Hausa tana da hannu a yaƙin ta sama. Da Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wato Injamena, Jinaina, Fashir, Khartum, su bi Nilu har Masar. An fara a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Muhimmancinta ya sa a watan Janairu na 1942 wani jirgin Jamus ya ratsa Sahara ya jefa bam a rumbun man Fort Lami. Saboda haka da yawa daga cikin jiragen da suka yi shawagi a kan Alamain sun sha mai a Kano.

Ga wani abin mamaki kuma. Jirage uku na farko da suka taɓa sauka a Kano, a watan Nuwamba na 1925, daga Helwan ta Masar suka taso, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Shi ɗin ne, bayan shekara 17, ya jagoranci sojan saman Birtaniya na hamada a yaƙin Alamain.

Su Misirawa wane ɓangare suka bi?

Masar ba ta shelanta yaƙi a kan Jamus ba sai a watan Fabrairu na 1945, amma tashoshin ruwanta da layin dogonta da leburorinta duk suna aiki ga Birtaniya, sojojinta kuma suna gadin wurare da harbin jiragen da ke kawo hari. Wannan gudummawa ce zauren Masar ke nunawa. Abin da zauren bai cika faɗa ba shi ne zukatan jama'a a rabe suke. Ranar 4 ga Fabrairu, 1942, tankokin Birtaniya sun kewaye fadar Abidin, aka tilasta wa Sarki Faruk ya naɗa gwamnatin da Ingilishi ke so. Wannan wulaƙanci ya sa wasu matasa suna fatan Romel ya iso, don maƙiyin maƙiyinka abin so ne ko ba ka san halinsa ba. Wani matashin hafsa mai suna Anwar Sadat an kama shi a shekarar saboda hulɗa da 'yan leƙen asirin Jamus.

Gaskiya ne har yanzu akwai nakiyoyi? Ba haɗari?

Gaskiya ne. Jamusawa da Italiyawa kaɗai sun binne nakiya wajen 500,000 a gaban layinsu, a filayen da suka sa wa suna lambunan shaiɗan, Ingilishi ma sun binne nasu. Hukumomin Masar sun kiyasta cewa nakiyoyi da harsasan igwa da bama-baman da ba su fashe ba a hamadar yamma sun kai miliyan 17. Iska da ambaliya suna gusar da su, tsofaffin taswirori ba su da amfani sosai. Waɗanda suka sha wahalar su ne makiyayan yankin, galibi 'yan ƙabilar Aulad Ali: yaro ya bi tumaki, ko manomi ya sa garma, sai ƙafa ta tafi. Mutanen da ba a haife su ba a 1942 suna yawo da ƙafar roba a Matruh saboda wannan yaƙi. Masar ta daɗe tana neman ƙasashen da suka binne su su ɗauki nauyin kwashewa, sojojinta kuma sun share wurare masu yawa da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai.

Ga mai ziyara, gidan tarihin da maƙabartun da titin bakin teku duk lafiya lau ne. Abin kiyayewa shi ne kada ka sa direba ya saki kwalta ya shiga hamada kudu da gari don ganin ainihin filin daga. Wannan sai da izinin hukuma da ɗan jagora wanda ya san ƙasar. Kuma duk ƙarfen da ka gani a yashi, kada ka taɓa.

Ta yaya zan je?

Daga Iskandariyya, awa ɗaya da rabi ne a mota. Ƙananan bas masu zuwa Marsa Matruh suna wucewa ta nan, amma za su ajiye ka a bakin titi, kuma wuraren a warwatse suke, babu inuwa a tsakani. Ya fi sauƙi ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar mota ta yini, ku yi ciniki tun kafin tashi, ku ambaci maƙabartar Jamus da ta Italiya da baki don kada direba ya ce ba su cikin lissafi.

Daga Alƙahira awa uku ne ko fiye kaɗan, ta hanyar hamada, a karkata a Wadi Natrun. Sunan wannan kwari daga kanwa ya samo asali, irin wadda Fir'aunoni ke busar da gawa da ita, kuma akwai tsofaffin gidajen ibadar Kiristocin Kibɗawa guda huɗu a wurin. Ka riƙe fasfonka, akwai shingayen bincike a hanya.

Wane lokaci ya fi?

Oktoba da Nuwamba, ko Maris da Afrilu. A Yuli da Agusta masu hannu da shuni na Alƙahira suna kwarara zuwa gaɓar, wadda suke kira Sahil, hanya ta cushe, kuɗin masauki ya ninka. Da hunturu kuma iska mai sanyi ce da yayyafi, ƙauyukan shaƙatawa da yawa a rufe. A ƙarshen Oktoba ake taron tunawa da yaƙin, jakadu da hafsoshi su zo su ajiye furanni. Abin kallo ne, sai dai tsaro yakan yi tsanani ranar.

Kuɗin shiga, hoto, da yara fa?

Gidan tarihin ana biya, baƙo ya fi ɗan ƙasa biya kamar ko'ina a Masar, mai katin ɗalibi ya nuna shi ko a rage masa. Maƙabartar Kwamanwel kyauta ce. A ta Jamus da ta Italiya wani lokaci sai an nemo mai gadi ya buɗe, ɗan alheri a hannunsa ba laifi. Ka je da safe, domin wuraren ba sa kaiwa dare, ranar Juma'a kuma ka lissafa da lokacin salla. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto a ciki, kuma kada ka kuskura ka ɗauki soja ko shingen bincike. Yara suna son tankokin. A maƙabarta a ja musu kunne kada su hau kan duwatsu, sau da yawa akwai jikokin mamatan a wurin.

Ban da kayan yaƙi, me ake gani?

Teku dai da farko. Ruwan wannan gaɓa shuɗi ne garau, yashin fari kamar gari, musamman a Sidi Abdurrahman, kimanin kilomita 30 yamma. Matsalar ita ce yawancin gaɓar an katange ta da ƙauyukan shaƙatawa irin su Marina, sai mai gida ko mai tikiti ke shiga, kuma shigar wasu masu wankan ba irin wadda iyalinmu suka saba gani ba ce. Mai iyali ya tambayi inda jama'ar gari ke zuwa.

Sai Sabon Alamain, birnin da Shugaba Sisi ya ƙaddamar a watan Maris na 2018 a kan ƙasar da aka share wa nakiya: benaye masu hawa 40, jami'o'i, fadar shugaban ƙasa, da doguwar hanyar yawo a bakin ruwa wadda kowa ke iya bi. Gwamnati takan koma can da bazara. A nan Sisi ya karɓi Janar Burhan na Sudan a watan Agusta na 2023. Daga maƙabartar Kwamanwel kana hango benayen, abin ya kan yi wa ido wani iri.

Kusa da Marina akwai kangon wani tsohon garin Girkawa da Rumawa mai tashar ruwa, wanda aka gano a tsakiyar shekarun 1980 ana haƙa harsashin gidajen shaƙatawa, da gidaje da wuraren wanka da kaburbura a cikin dutse. Ka tambaya ko a buɗe yake kafin ka nufe shi. Mai kwana biyu a hannu zai iya ƙarasawa Marsa Matruh, kimanin kilomita 180 yamma, inda aka mai da wani kogo da Romel ya yi amfani da shi ƙaramin gidan tarihi, har da doguwar rigarsa da taswirorinsa da ɗansa ya bayar.

Abinci da salla da wurin kwana?

Ƙasar Musulmi ce, masallatai a kan hanya ba su da iyaka, abinci kuma babu abin shakka. Kifi da jatan lande su ne na bakin teku, wuraren cin abincin Larabawan yankin kuma suna gasa rago da shinkafa, su biyo da shayi mai kauri. A ƙarshen bazara za ka ga masu sayar da ɓaure a kwanduna a gefen titi, daga gonakin da ke bin gaɓar, ga zaitun da dabinon Siwa. Otal-otal ɗin Alamain na masu kuɗi ne. Mai ƙaramin ƙarfi ya kwana a Iskandariyya, ya sayi ruwan sha da yawa kafin ya taso, ya sa hula, domin daga ƙofar maƙabartar Italiya zuwa hasumiyarta tafiya ce mai ɗan nisa a cikin rana.